Sirajo Bai Kulle Ruwan Galadi Ba

Na Allah muke, wurinai za mu koma, ba a barin kowa. Ranar Laraba tara ga watan Afrilu, bayan ƙaramar Salla, Allah ya amshi ran Injiniya Sirajo Labbo. 'Yan bindiga sunka harbe shi bisa mashin tsakanin Shinkafi da Galadi, da rana tsaka, sunka tahi da mashin ɗin da jakar laftof ɗinai. Wanshekare anka yi mai sutura nan Kaura Namoda. Ya bar mahaihinai Kawu Labbo, da matatai Mardiyya, da ɗiya biyu, Anas da Nusaiba.

Mai wanga rubutu ni na, Tsoho Mai Walda na bakin tasha. Wanda bai san huskata ba ya san aikina. In kag ga tankin ruwa tsaye bisa ƙarhe daga Banga har Jangeru, damina ta zo ta wuce iska bai kada shi ba, kar ka tambayi kowa, hannuna na. Rubutu kam ba a ba ni ba. Ku karanta shi yadda kunka gan shi, mai gyara mini ya kwanta.

Sirajo, da kai nike. Taubashina, ɗan kawuna. Kai ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tun muna wasan ƙasa kake ce mini Bawa, ni ko ina ce maka Sauro, don dut jikinka ba a haɗa tsire tsinke guda. Ka tahi makaranta ka karanto kwamfuta, ni nit tsaya wurin wuta da ƙarhe, kuma har gobe ina cewa na hi ka sana'a, don nawa aikin daga nesa ake hango shi, naka sai an sa tabarau. Ga shi na hwaɗa, ba ka nan balle ka rama.

Ban mance shekarar da hasken walda yac cinye mini ido ba. Kai kaj ja ni da hannu daga tasha har gida, kas sayo magani, kana zuwa sahe da marece kana ɗiga mini. Kai ka karanta mini saƙon waya. Mutum ya rubuto "Tsoho ya jiki", kai ko sai ka karanta mini "Tsoho ƙohwar da kay yi mini ta hwaɗo ma akuyata". Nid dinga zagin bayin Allah ina kwance ido ɗaure, kana gehe kana shanye kunun da anka damo mini. Sai da idona yab buɗe nig gane. Haka kake. Ba ka taimakon mutum sai ka haɗa mai da tsiya, don kar shi ji nauyin gode maka.

To bari in hwaɗa ma wanda bai sani ba aikin da Sirajo ka yi, don bisa aikin ga anka ɓata mai suna, kuma bisa hanyarshi yam mutu.

Bohol mai sola, ban da fanel da sumo mai turo ruwa daga ƙasa da tankina, akwai wani akwati da ake ce ma kwantirola. Shi ka ba sumo wuta, shi ka tsai da shi. Na kanti da ake kawo muna, zahin ƙasar ga ba shi barinsu, in ko tsawa ta taɓa su shi ke nan, gari shi koma jan guga. Sai Sirajo yak koma haɗa nashi. Allunan lantarki tsince-tsince, wanga daga nan wancan daga can, shi rubuta musu furogiram da kainai shi zuba. Shi da Madam Roseline Davou mai shagon kayan sola sun daɗe suna gwaji bisa teburinta kahin abin shi zauna. Teburin ma ni nik ƙera shi, har yau bai girgiza ba.

Wata rana muna Banga, na gama walda bisa, shi shina ƙasa inuwar tanki ya ƙura ma laftof ido. Nis sauko nic ce, "Sauro, wai mi kake kallo cikin lambobin ga kamar mai duba?"

Yac ce, "Bawa, zauna in gani ko kanka na ɗaukar wani abu ban da hula. Ƙahwahun tankin ga, daga ina kay yi awonsu?"

"Daga bangon makaranta. Kowace ƙahwa da nisanta daga bango."

"Da mai gari yac ce a gusa da tankin gaba taku biyu saboda dogon yaro hwa?"

"Sai nib bi awon dut, kowane niƙ ƙara mai taku biyu."

"To in wani yaz zo bayanka, bai san ka ƙara ba, yas sake ƙarawa?"

Nic ce, "Sai tanki shi tsaya cikin masan maƙwabta."

Yay yi dariya yac ce to nashi aikin ke nan. Cikin allon akwai ɗan ƙaramin furogiram, butloda. Da sahe in rana ta bugi fanel wuta ta shigo, shi ka hwara tashi. Sai shi ɗauko babban furogiram daga inda shike ajiye, shi zaunar da shi cikin memori, ƙwaƙwalwar allon, don can shika aiki. Shi kuma babban cike shike da adireshi: in tanki ya cika tahi lamba kaza, in wuta ta yi yawa tahi lamba kaza. Dut an rubuta su kamar daga bakin memori za shi zauna. Amma tunda allunan ba uwarsu guda ba, kowane da inda ad da hili. Sai butloda shi duba nisan da yag gusa da shi, shi bi adireshin nan ɗaya bayan ɗaya shi ƙara musu wanga nisa. Yac ce sunan abin rilokeshin. Cikin memori ake yi, sau guda tal, bayan an zaunar da shi. Na ajiye ba a taɓa shi, shina nan yadda anka rubuta shi, don gobe ma daga gare shi za a ɗauko.

Nic ce, "Ashe abin da nike yi da tef da alli shi anka kai ka makaranta ka koyo."

Yac ce, "Awo. Sai dai ni ban taɓa ƙera ƙohwar da tah hi ɗakin tsawo ba."

Sau guda abin yah hwaru, kuma laihin magini na.

Ran nan nic ce mai shi kulle allunan, tunda yac ce ana iya kulle su yadda ba mai karanta abin da ka ciki. Yaƙ ƙi. Yac ce, "In na kulle, ran da ba ni nan wa za shi gyara musu? Ruwan sha na, Bawa." A buɗe yab bar su dut. Ku riƙe wagga, mutanen Galadi. Mutumin da ake ce ma mai kulli, ko abin da yah halatta shi kulle bai kulle ba.

Bana kahin azumi yay yi sabon furogiram, wanda in ruwa ya ja ƙasa da bazara shika tsai da sumo kar shi ƙone. Yas sa shi Banga kaɗai, yac ce a bari shi ga yadda za shi yi da zahi tukuna. Sai ga Alhaji Tambari, ɗan kwangilar da anka ba kula da bohol ɗin yankin. Ya ji masu ba da aikin za su zo zagaye. Shina so su iske sabon abu ko'ina, kuma su iske shi da sunanai. Bai tuntuɓi Sirajo ba. Yaɗ ɗauki Imrana mai filashin waya na cikin kasuwa.

Ban ce Imrana mugu na ba. Wurin waya gwani na, tawa ma da tah hwaɗa cikin bokiti shi yat tashe ta. Amma su masu filashin ƙa'idarsu guda ta: samu mai rai ka kwaso, ka zuba ma matacce. Yat tahi Banga da rana, sumo na aiki ruwa na zuba, yas soka kebul yak kwaso furogiram. Sai dai ba na ajiye yak kwaso ba. Na cikin memori yak kwaso, wanda butloda yar riga yaƙ ƙara ma nisa tun da sahe. Ganinai wanda ka cikin aiki ai shi na lahiyayye. Yab bi bohol biyu na wajen Zurmi, da na Jangeru, da na Galadi, yaz zuba musu shi wurin na ajiye.

Gari yaw waye. Butloda bai san Tambari ba, bai san Imrana ba. Abin da yat tarar shi yaɗ ɗauko, yaƙ ƙara ma kowane adireshi nisa kamar kullum. Ƙari bisa ƙari. Furogiram ya tashi neman inda za shi kunna sumo, yah hwaɗa inda ba komi. Bohol huɗu sunka yi shiru, cikin azumi, cikin zahin da kowa yash sha. Matan Galadi sunka koma ɗibar ruwa hwadama bayan gari, inda ko namiji ba shi zuwa sai ya yi sallama da gida.

Nan Tambari yab buɗe baki. Yac ce Sirajo ya sa ma akwatunan kulli, in lokaci ya yi su mutu don a dawo a neme shi. Kahin maganar ta kai Shinkafi ta zama taima, agogon da anka ɗana cikin akwatin. Kahin ta kai Galadi ta zama laya da anka binne ƙarƙashin tanki. Har anka ce ni nib binne ta, ni da ko allura nib ɓoye sai tasha dut ta ji.

Sirajo yas sa anka kawo mai allo guda daga Zurmi, yab buɗe shi cikin shagona. Bai daɗe ba yac ce, "Bawa, zo ka ga tankinka cikin masai." Kowane adireshi na ajiye ɗauke da nisan allon Banga. Yay yi wata dariya wadda ban so jinta ba. Imrana da kainai yaz zo yah hwaɗi gaskiya, kai sunkuye, amma yac ce waje ba shi iya hwaɗi, shagonai cikin ginin Tambari shike. Nit tashi in shaƙe shi. Sirajo yar riƙe ni yac ce, "Ƙyale shi. Abin da yas sani yay yi."

Ni ban ƙyale Tambari ba. Nit tarar da shi ƙohwar gida bisa darduma. Nic ce, "Alhaji, magana guda za ka yi. Ka ce kai kas sa anka taɓa su."

Yac ce, "Tsoho, kai walda kas sani."

"Na san walda, na kuma san ƙarya in na gan ta."

"To bari baƙin ga su zo su tahi, sai mu zauna."

Baƙi sun zo sun tahi, an kai su Banga sun ga ruwa sun yi hoto. Zama ba a yi ba.

Dut wanga bai karya Sirajo ba. Ya jure mutanen da sunka daina amsa mai sallama. Abin da yak karya shi ranar Salla yah hwaru, muna zaure wurin Kawu Labbo bayan an sauko idi. Kawu ya tsuhwa, ido ya yi rauni, kullum bakin masallaci ake kawo mai maganar. Yaj jira mutane sunka ragu, yac ce a hankali, "Sirajo, ni kaɗai za ka hwaɗa ma. Da gaske na?"

Sirajo yac ce, "Baba, har kai?"

Kawu yac ce, "Tambaya niy yi, ɗana. An dame ni."

Kawu, ban rubuta wagga don in ƙara maka ciwo ba. Ba laihinka na ba. Na rubuta don waɗanda sunka dinga kawo maka maganar su san inda tak kai.

Daga ran nan Sirajo yaɗ ɗauki jaka. Nic ce shi bari a ciro allunan a kawo mai Kaura. Yac ce in anka gyara su ɓoye cikin shago, cewa za a yi laya yat tone. Gara shi tahi shi yi gaban kowa, shi juya musu laftof su gani. Nic ce to shi jira ranar kasuwa a bi ayari da rakiya. Yac ce, "Kai kana da randa cike cikin gida, shi yas sa jira bai yi maka wuya ba." Taurin kai kam ka kai da shi kabari, Sauro, wanga ba zan ɓoye ba.

Ya gyara na Zurmi biyu. Ya gyara na Jangeru. Goge gurɓataccen kawai shike yi, shi mai da na asali, shi jira ruwa shi hau tanki. Ranar Laraba yak kira ni daga Shinkafi ina bisa wani tanki. Yac ce, "Bawa, saura Galadi." Nic ce in ya dawo shi taho mini da kilishi, ladan bawa. Yac ce bawa ba shi oda. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, ni da mutumin da munka tashi tabarma guda.

Wurin zaman makoki sai ga Tambari, babbar riga, turare na tashi. Yaz zauna sahun gaba yac ce an yi rashin haziƙi, yankin ga ba za shi sake samun irinai ba. Yam miƙo mini hannu. Hannuna na nan bisa gwiwata, ban ɗaga ba. Kawu yac ce, "Tsoho, zaman makoki na." Nic ce na sani Kawu, shi yas sa nike zaune.

Galadi ko har lokacin ba ruwa. Madam Roseline tac ce na asalin na wurinta, Sirajo bai taɓa rubuta abu bai aje mata ba. Tay yi ta aiki tana share hawaye har tah haɗa sabon allo, tag gwada shi bisa tebur, tan nuna mini waya ja da baƙa da inda kowace ka shiga. Nic ce Madam, mutumin da yat tsai da tankin Jangeru ba noti huɗu za su gagare shi ba. Ranar kasuwa nib bi ayari, nis sa allon cikin aljihun gaba. Munka wuce daidai wurin da anka harbe shi. Direba yan nuna mini da baki, ban ce a tsaya ba.

Nik kai Galadi, nic cire tsohon nis sa sabo, mutane sun zagaye ni. Sumo yat tashi. Ruwa yah hau tanki, famfo yay yi tari sa'annan yas saki. Mata na guɗa, ana ture-ture da jarkoki. Nic ce cikin raina, yau dai na wanke ka, Sauro.

Sai wata tsohuwa ta cika tulunta, tad dube ni da murna, ba da mugunta ba ko kaɗan, tac ce, "Allah mun gode maka. Ka gani ko, ɗan nan? Da mai kullin yam mutu, kullin ya kwance."

Mutane sunka gyaɗa kai.

Ni Tsoho, tun da uwata tah haihe ni ba a taɓa hwaɗa mini magana nir rasa amsa ba. Nid duƙa ƙasa niz zana musu bango da ƙahwahun tanki, niy yi musu bayanin taku biyu da ƙari bisa ƙari, yadda yay yi mini. Na iya bayani, kowa ya sani. Wani dattijo yas saurara har ƙarshe yac ce, "To Malam, mi yas sa bai tashi ba sai da yam mutu?"

Nic ce, "Baba, don bisa hanyar zuwa wurinku anka kashe shi. Ku tambayi Jangeru, nasu shina raye yat tashi."

Yac ce, "Can ya ga dama ya buɗe."

Sa'annan yaɗ ɗaga hannu sama, sauran sunka ɗaga, yac ce, "Ya riga ya tahi. Allah shi jiƙan shi. Mu dai mun yahe mai abin da yay yi muna."

Sunka shahwa. Nawa hannun ya ƙi tashi.

Shi yas sa nid dawo niz zauna rubutun da ban iya ba. Alhaji Tambari, Kawu ya hana ni yi maka mugun baki, kuma ba zan yi ba. Ka san hanyar Galadi, kana da mota, masallacin Juma'a na da lasifika. Imrana, kai ma kana da baki. In shago ka hana ka, zo bakin tasha in ƙera maka kwantena, wadda tah hi shagon Tambari.

Ina yi ma Kawu Labbo ta'aziyya. Ina yi ma Mardiyya, wadda ta san mijinta ba ta taɓa tambaya ba. Anas da Nusaiba, in kun girma wani yac ce muku ɗiyan mai kulli, ku zo wurina in ina raye, in ba ni nan ku tahi wurin Madam Roseline ta buɗe muku allon ku gani da idonku. Ina yi ma Madam ta'aziyya ita ma, da mutanen Banga da Zurmi da Jangeru. Allah shi ba mu haƙurin da ba mu da shi.

Ya Allah ka jiƙan Sirajo. Ka yahe mai kurakuranai na gaskiya, waɗanda kai kas sani. Ka yalwata mai kabari, ka sanyaya mai shi, ka amshi shahadatai, ka sa kowane kurɓi da anka sha daga aikinai cikin mizaninai. Ka raya mai ɗiyanai. Ka kawo muna ƙarshen masu tare hanya.

Ku ko mutanen Galadi, ku sha ruwa, halalinku na. In za ku yi mai addu'a ku yi, shina buƙata kamar kowa. Amma yahiyar nan taku ku mai da ta. Bai yi muku komi ba.

Tsoho Mai Walda,
bakin tasha, Kaura Namoda.